Ɗamarar Azurfa ta Nabaho: Kayan Aro da Ya Yi Ado

Hausawa kan ce kayan aro ba ya ado. Ni dai ina da ja a kan wannan magana, kuma hujjata tana can kudu maso yammacin Amurka, wurin ƙabilar Nabaho da ke jihohin Arizona da New Mexico.

Waɗannan mutane sun yi suna wajen ƙera wata ɗamara ta fata wadda ake jera wa faifan azurfa. Sunanta "kwanco", daga kalmar Sifaniyanci mai nufin ƙwaryar dodon koɗi, ka ga tun daga sunan aro ne. Ita ma sana'ar haka take. Atsidi Sani, wanda ake ɗauka a matsayin maƙerinsu na farko, wurin wani maƙeri ɗan Meziko ya koya, kuma da baƙin ƙarfe ya fara kafin ya koma maƙerin fari. Aikin bai bunƙasa ba sai bayan 1868, lokacin da Nabaho suka koma gida daga Bosque Redondo, inda sojojin Amurka suka tsare su tun 1864.

Mai karatu, dubi abin da suka yi da ɗan abin da ke hannunsu. Sulallan Amurka da na Meziko suke narkawa, su buga da guduma har su zama faifai. Tsohon magagari shi ake gyarawa ya zama abin buga zane. A farko ba su iya liƙi ba, saboda haka sai su huda tsakiyar faifan su zura fatar ta ciki. Wannan huda, wadda rashin kayan aiki ya jawo, ita ce yau masu tara kayan tarihi ke nema ruwa a jallo. Daga baya suka ƙware a liƙi, suka shiga ɗora shuɗin dutse a kan azurfar, suka kuma riƙa sassaƙa dutse mai laushi suna zubi a ciki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa tsofaffin ɗamarun nan kaɗai ne na asali. Wane asali? Da yawa daga cikinsu jingina aka kai su kantunan Turawa lokacin babu, mai kaya ya kasa fansa, aka sayar. Wanda ya zuba maƙudan daloli a kan irin wannan ɗamara, dillali ya biya, alhali jikokin maƙeran suna nan suna hura wuta, suna gogayya da kayan jabu masu araha. Ni da na koyi Hausa da girmana, na san zafin a ce maka abin da ka sha wuya a kansa ba naka ba ne.

A 1990 Amurka ta kafa dokar da ta hana sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar idan ba su suka yi ba. Dokar ta hana ƙarya, amma ba ta tilasta wa kowa ya je maƙera ya saya ba.