Kifin Ado Ba Ya Shaƙar Wi-Fi: Abin Da Ya Kamata Mai Akwariyom Ya Fara Saya

Duk mai yawan latsa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: akwatin gilashi cike da ruwa garau, kifaye masu launi suna kai da kawowa, mai akwatin yana sauya kalar fitila daga wayarsa. Wannan shi ake kira akwariyom, kuma sha'awarsa ta fara kama matasa a wannan yanki. Sai dai matashin da ya saba da harkar waya yakan shiga kiwon kifin ado da idon mai sayen waya. Abin da ya fi walƙiya shi yake nema: fitila mai manhaja, na'urar zuba abinci da kanta, hita mai haɗuwa da intanet. Ba a rufa mako biyu ba sai a wayi gari kifin yana yawo a saman ruwa, ciki sama.

Kuɗin ne ya tafi inda bai dace ba. Da yawa daga cikin waɗannan bidiyoyi an ɗauke su ne a ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Amurka, inda ɗaki ke da sanyi galibin shekara, wuta kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Shi ya sa hita ke zuwa a sahun gaba a jerin kayansu. Mai kifi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da wasu abubuwa daban yake fama: zafi, ɗaukewar wuta, da wata guba da ido ba ya gani.

Gubar ce ta fi kashe kifin sabon shiga. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kunnuwan da yake numfashi da su, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙarawa. A kogi ruwa na wanke wannan, a akwati kuwa babu inda za ta je. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soson matatar ruwa da tsakuwar ƙasan akwati. Rukuni ɗaya, irin su Nitrosomonas, yana mayar da amoniya zuwa nitirayit, wadda ita ma guba ce. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira, yana mayar da nitirayit zuwa nitiret, wadda kifi ke iya jurewa matuƙar ba ta taru da yawa ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin akwati, ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Babu manhajar da ke gaggauta musu. Wanda ya sayi akwati da kifi 15 rana ɗaya ya juye su tare, ya saka su ne a ɗakin da babu masu shara, kuma ruwan na iya ci gaba da zama garau har ranar da za su fara mutuwa, domin amoniya ba ta da launi.

Saboda haka abin da ya cancanci kuɗin farko shi ne kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo, kamar wanda kamfanin API ke yi. Ana ɗibar ruwa a ɗan bututu, a ɗiga maganin, a gwada launin da katin da ya zo da shi. Amoniya da nitirayit su kasance sifili, nitiret kuma ƙasa da miligiram 40 a kowace lita. Daga nan ne za a fara saka kifi, 'yan kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ba a wanke soson matata da ruwan famfo ko sabulu. A matse shi kawai a cikin bokitin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Mai tsananin tsafta da ke kwashe komai ya goge fes duk mako, ma'aikatansa yake kora.

Sai batun wuta, inda shawarar Turawa ta fi barin mutum a hanya. Kifi da bakteriyar matata duk suna rayuwa ne da iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, ita kuma tana shiga ne ta saman ruwa idan yana motsi. Da an ɗauke wuta motsin ya tsaya. Ruwan ɗumi kuma bai kai mai sanyi riƙe iska ba: a digiri 20 na Selshiyos lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Daren watan Afrilu, babu wuta, ga akwati cike da kifi: nan ake yin asarar. Alamar farko ita ce kifaye su taru a sama suna buɗe baki. Wanda ya saba ganin tarwada a cikin roba ana barinta sa'o'i ba ta mutu ba, kada ya yi zaton haka kowane kifi yake. Tarwada tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye, yawancin kifin ado ba su da ita.

Maganin yana cikin aljihun kusan kowane matashi. Akwai ƙaramin famfon iska mai aiki da USB wanda ke cin kusan wat 1. Fawabank mai mAh 10,000 yana ɗauke da kusan wat-awa 37, don haka ko an cire abin da ke salwanta a hanya, zai riƙe famfon fiye da dare guda. Idan aka haɗa famfon da matatar soso, wadda kumfar iska ce ke jan ruwa ta cikinta, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: kifi ya samu iska, bakteriya ma ba su shaƙe ba. Matatar soso ba ta da kyan gani, kuma ita ce mafi araha a shago, amma ta fi dacewa da gidan da wuta ke yi wa wasa fiye da babbar matata rufaffiya mai tsada, wadda idan ta tsaya na sa'o'i ruwan cikinta ke lalacewa, wuta na dawowa ta tura shi cikin akwati. Abu ɗaya da za a kula: wasu fawabank kan kashe kansu idan abin da aka jona bai ja wuta sosai ba, don haka a gwada da rana kafin a dogara da shi da dare. Akwai kuma famfo mai batiri a ciki, wanda ke komawa kan batirin da kansa da zarar an ɗauke wuta. Wannan shi ne wayon da kifi ke buƙata daga na'ura.

Hita fa? Yawancin kifin ƙasashe masu zafi sun fi son digiri 24 zuwa 27. A bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato ke kai digiri 40, hita ba ta da aikin yi, neman sanyi ake. Kada a ajiye akwati inda rana ke bugawa ta taga, a rage sa'o'in fitila, a ɗaga murfi a sa raga don kada kifi ya yi tsalle, sannan a sa ƙaramar fankar USB ta riƙa busa saman ruwan. Hikimar randa ce: ruwa na tashi yana tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskar Arewa na sa abin ya yi aiki da kyau, har a samu saukar digiri 2 ko 3. Zuba ƙanƙara kai tsaye kuskure ne, domin saurin canjin ya fi zafin kansa wahalar da kifi.

Duk da haka masu cewa hita ba ta da amfani sam a wannan yanki sun wuce gona da iri. A hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, dare kan sauka ƙasa da digiri 15 a garuruwa da dama, balle Jos. Ƙaramin akwati na bin zafin ɗaki da sauri: rana ɗumi, asuba sanyi. Wannan hawa da sauka na raunana kifi, kuma a irin lokacin ne aka fi ganin cutar farin ɗigo, wadda ke fitowa a jiki kamar an yayyafa masa gishiri. Don waɗannan watanni hita mai kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita ta dace, bisa lissafin kusan wat 1 ga kowace lita. Ba ta aiki da fawabank. Hita mai wat 100 za ta shanye waɗancan wat-awa 37 cikin minti ashirin da 'yan kai. Idan babu wuta a daren sanyi, bargo aka lulluɓa wa akwatin ya wadatar, a bar ɗan wurin shigar iska. A cire hita daga soket kafin rage ruwa, don gilashinta na fashewa idan ta yi zafi a bushe. Kuma kada a yarda da lambar da ke jikinta: ma'aunin zafi daban, mai araha, shi ne alƙali, domin hita kan maƙale a kunne ta dafa kifi.

Kula da ruwa ba shi da wani sirri. Duk mako a cire kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, a tsotse dattin ƙasa da tiyo, a mayar da sabo mai kusan zafi ɗaya da na ciki. Ruwan famfo na iya ɗauke da kulorin, a ɗiga masa maganin kashe ta tukuna. Cike gurbin ruwan da ya tashi sama ba canjin ruwa ba ne, domin ruwa kaɗai ke tashi, gishiri da nitiret suna nan suna taruwa. Mai amfani da fanka da ruwan burtsatse ya fi kowa buƙatar tuna wannan. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa.

Wani zai ce ai na'urorin zamani na taimakon mai mantuwa da mai tafiya. Da gaskiyarsa a wani ɓangare. Agogon soket da ke kunna fitila awa 6 zuwa 8 a rana yana rage gansakuka, kuma ma'aunin zafi mai turo gargaɗi a waya abu ne mai kyau. Amma gargaɗin na bi ta intanet ɗin gida, wanda shi ma ke mutuwa tare da wutar, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Na'urar zuba abinci kuwa ba ta san ruwa ya ɓaci ba, zubawa kawai take. Lafiyayyen babban kifi na iya yin kwana biyu ko uku bai ci ba, babu abin da zai same shi.

Akwai yaudara guda da ta rage, ta ƙaramin kwano mai kifin zinariya. Mutane na ɗauka ƙarami ya fi sauƙi, alhali ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da guba. Kifin zinariya ma na ruwan sanyi ne, yana wuce santimita 15, yana iya haura shekara 10, ga yawan datti. Sabon shiga ya fara da lita 60 zuwa sama, a kan tebur mai ƙarfi, tunda kowace lita kilo ɗaya ce kafin a haɗa gilashi da tsakuwa. Kifaye irin su guppy da molly da platy suna jure ɗumi kuma suna son ruwa mai nauyin ma'adinai. Akwai ma kribensis, ɗan ƙaramin kifi mai jan ciki da ake sayarwa a shagunan Turai, wanda asalinsa kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne.