Kaburbura ne fa: magana kan bidiyoyin Al-Ula da ke yawo a wayoyinmu



Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp biyu ko uku ya ga bidiyon nan, ko wani mai kama da shi. Jirgi marar matuƙi ya taso daga bayan wani jan tsauni, sai ga ƙaton dutse shi kaɗai a tsakiyar rairayi, an sassaƙa masa fuska kamar ƙofar fada. Can sai a nuno wani gini wanda ba ka ganinsa sai ka matso, domin jikinsa duk madubi ne. Sai manyan balan-balan masu ɗaukar mutane suna shawagi da sassafe, sai wata baiwar Allah tana tsalle tana dariya a tsakiyar hamada. Daƙiƙa arba'in, kiɗa mai sanyi, an gama. Wurin sunansa Al-Ula, yana arewa maso yammacin Saudiyya, sama da kilomita 300 arewa da Madina.

Abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon iri biyu ne. Matasa su ce aljannar duniya, Allah ya kai mu. Manya su ce subhanallahi, ga gidajen Samudawa, dubi girman ƙofar, ka tura wa mutum goma. Daga nan sai musu ya tashi, wani ya kira wani ɗan boko, wani ya kira wani mai tsaurin ra'ayi, har mai kula da zaure ya rufe magana. Ni a ganina ɓangarorin biyu sun tsallake abu guda, kuma shi ne ya kamata a fara faɗa: waɗannan duwatsun da aka sassaƙa kaburbura ne. Maƙabarta ce ake ɗauka a bidiyo.

Wurin da duwatsun suke shi ne Hijir, wanda aka fi sani da Mada'inu Salihu, masu tallar yawon buɗe ido kuma suna kiransa Hegra. Yana kamar kilomita 20 arewa da garin Al-Ula. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko da Saudiyya ta samu. A lissafin hukumar akwai manyan kaburbura 111, guda 94 daga cikinsu an yi wa fuskarsu ado. Waɗanda suka sassaƙa su ana kiransu Nabatawa, mutanen da hedikwatarsu take Petra a ƙasar Jodan ta yau. Fatake ne. Arzikinsu ya zo daga ayarin lubban da kayan ƙamshi da ke tasowa daga kudancin ƙasar Larabawa zuwa Sham, su kuma suna riƙe da zango da rijiya a hanya. A Hijir kaɗai an gano rijiyoyi fiye da ɗari. Duk Bahaushen da kakansa ya taɓa bin hanyar Gwanja ya san cewa mai zango da mai ruwa ba sa asara.

Ba hasashe ake yi ba wajen cewa kaburbura ne, domin masu su sun rubuta a saman ƙofa. Fiye da talatin suna ɗauke da rubutu, kuma kwanan watan da ke jiki yana tsakanin farkon ƙirgar miladiyya da shekara ta 75. Rubutun kamar takardar fili yake. Ana faɗin wanda ya mallaki kabarin, da waɗanda aka yarda a binne a ciki, da tarar kuɗin azurfa da za a biya idan wani ya sayar da shi ko ya jinginar ko ya cusa gawar bare, sannan a bi da tsinuwa. Wani lokaci har magini ya sa sunansa. Da yawa daga cikin masu kaburburan mata ne, da sunansu da na iyayensu. Shi kuwa garin da rayayyu suka zauna yana tsakiyar fili, da tubalin ƙasa aka gina shi, shi ya sa ya narke ya bar matattu a tsaye. Masu bincike na Saudiyya da Faransa sun fara tona shi tun 2008.

Wancan dutsen da ke tsaye shi kaɗai, wanda kowane bidiyo ke farawa da shi, ana ce masa Ƙasrul Farid. Tsawonsa ya haura mita 20, kuma ba a gama shi ba. Idan ka tsayar da bidiyon ka duba ƙasan, za ka ga sassaƙar ba ta yi sumul ba kamar ta sama, saboda daga sama suke farawa su gangaro. Ƙofar shiga kuma daidai mutum take, cikin ɗaki ne ƙarami. Girman na fuska ne kawai, na nuna isa. A shekara ta 106 Rumawa suka haɗiye daular Nabatawa.

To ina maganar Samudawa? Nan ne nake roƙon a bi a hankali. Ƙasar dai ita ce Hijir da aka ambata a Alƙur'ani, har akwai sura mai sunanta, kuma labarin Annabi Salihu (AS) da taguwa kowa ya san shi tun makarantar allo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ratsa wurin a hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, ya hana sahabbai shiga wuraren waɗanda aka halaka sai da kuka da tsoron Allah, ya lulluɓe kansa ya ƙara sauri, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin, ban da rijiyar da taguwa ke sha. Wannan babu musu a kansa. Amma ƙasa ɗaya takan ga al'umma bayan al'umma. Fuskokin dutsen da ke cikin bidiyon suna ɗauke da sunayen sarakunan Nabatawa da shekarun mulkinsu, zamanin Annabi Isa (AS) da kaɗan bayansa, nesa ƙwarai da zamanin Samudawa. Wanda ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ga ɗakin kwanan wani ƙato, ya ƙara abin da ba a ce ba. Kuma yaronsa da ke jami'a zai duba a intanet cikin minti biyu ya ga ba haka ba ne, sai ya fara ɗaukar sauran maganar baban da sauƙi, har da wadda take gaskiya. Wannan asarar ta fi ta data.

Fatawa kan zuwa ko rashin zuwa ta malamai ce, kuma da yawansu sun fahimci hadisin a kan cewa shiga don ɗaukar izina daban, shiga don shaƙatawa daban. Abin da nake so a lura shi ne, ko an ajiye maganar Samudawa gefe, hukuncin hankali bai canza ba. A garuruwan kudu da muke zaune mun san wahalar da aka sha kafin a samu filin maƙabarta, mun san yadda ran kowa ke ɓaci idan aka ji wani ya ci iyakarta ko ya zuba shara a jikin katangarta. Babu wanda zai yarda a kafa lasifika a can, komai kyan muryar mawaƙin. A watan Afrilun 2021 mawaƙin nan na Italiya, Andrea Bocelli, ya yi wasa a cikin Hijir kanta, kaburburan suna bayansa an haske su da fitilu, aka watsa wa duniya ta YouTube. An yi ta yabon kyan hoton. Mutanen da suka rubuta tsinuwa a kan wanda ya taɓa kabarinsu sun zama labulen dandamali.

Akwai kuma labarin Hinat. Wata mata ce, 'yar Wahbu, da ta sa aka rubuta cewa ta yi kabarin don kanta da zuriyarta. Masu bincike sun samu ƙasusuwan mutane da yawa a ciki, suka ɗauki ƙoƙon kan wata mata daga cikinsu, suka ƙera fuskarta da taimakon kwamfuta, suka laƙaba mata sunan mai kabarin. A farkon 2023 aka baje ta a ɗakin karɓar baƙi na Hegra. Aikin ilimi ne, ban ƙi ba, kuma ya sa an tuna cewa mutane ne masu fuska. Sai dai yanzu ita ma ta shiga jerin abubuwan da ake tsayawa kusa da su a ɗauki hoto.

Kada a ɗauka ina faɗa da zane-zanen da ake kafawa a hamadar. Gaskiya wasu sun burge ni. Baje kolin da ake kira Desert X ya fara zuwa Al-Ula a farkon 2020, kuma a kwaruruka ake kafa kayan, ba a bakin kaburbura ba. A wancan karon Manal AlDowayan, 'yar Saudiyya, ta binne shimfiɗun roba masu cilla mutum sama a cikin rairayi, daga nesa sai ka rantse kududdufan ruwan sama ne. Shi ne tsallen da kuke gani a bidiyo. Rashed AlShashai ya tara kiret-kiret na roba ya yi dala da su, tuni ga fataucin da ya bi ta wurin. Wasu 'yan Denmak suka kafa lilo mai ɗaukar mutum uku. A 2022 kuma wani ɗan Gana, Serge Attukwei Clottey, ya yayyanka jarkoki masu ruwan ɗorawa, irin na man gyaɗa da muke ɗiban ruwa da su, ya ɗinke su ya rataya daga saman dutse kamar ruwa na kwarara. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka a Agege ko Sabo zai gane abin da mutumin ke faɗi ba sai an yi masa bayani ba. Wannan abin dariya ne kuma abin tunani, kuma ba a kan kabarin kowa yake ba.

Matsalar tana wajen haɗa bidiyon. Mai yanka hoto yana ɗauko lilon da ke wannan kwari, da ginin madubin da ke wancan, da kabarin da ke wani wurin daban, ya jera su a ƙarƙashin kiɗa ɗaya. Mai kallo a wayarsa sai ya ɗauka duk filin wasa guda ne. Babu mai cewa kabari, domin kalmar ba ta sayar da tikiti.

Kuma tikiti ake sayarwa, wannan ba ɓoyayye ba ne. A 2017 gwamnatin Saudiyya ta kafa hukuma ta musamman don Al-Ula a ƙarƙashin Yarima Muhammad bin Salman, a 2018 ta ƙulla yarjejeniya da Faransa, a Satumban 2019 ta buɗe bizar yawon buɗe ido. Tsarin da aka bayyana a 2021 na dala biliyan 15 ne, burin kuma baƙi miliyan 2 a shekara nan da 2035. Ginin madubin, Maraya, yana da madubi murabba'in mita 9,740, ya shiga kundin Guinness, kuma a cikinsa shugabannin ƙasashen Larabawan yankin Gulf suka sasanta da Ƙatar a Janairun 2021. Ƙasar da ke son rage dogaro da man fetur tana da haƙƙin tallata kayanta, mu da muke Najeriya ba mu da bakin yi mata gori a kan wannan. Ko a can Amurka ma ba kowa ya yarda da cinikin ba, mutum uku sun bar kwamitin Desert X a 2019 saboda kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi. Ya kamata kuma a faɗi cewa kuɗin nan ya sa an horar da 'yan garin maza da mata su zama masu yi wa baƙi bayani. Abin da nake cewa kawai, idan bidiyo ya iso wayarka yana sheƙi haka, talla kake kallo, ko da wanda ya turo maka ƙaninka ne.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne Umrah. Yanzu ana iya haɗa ziyarar Al-Ula da tafiyar Madina, kuma masu shirya tafiya sun fara ambatonta. Kuɗin da ake ƙarawa ba kaɗan ba ne a wannan canjin. Alhaji ko Hajiya da za su biya su fara tambayar malaminsu, sannan su tambayi ejan abin da ke cikin tsarin dalla-dalla: Hijir za a shiga, ko ginin madubi da dutsen giwa za a tsaya a yi hoto a juyo? Idan an shiga, akwai mai bayani? Idan da yara, a gaya musu tun a mota inda za su, kamar yadda ake yi idan za a Baƙi'a ko Uhudu.

Sannan a nemi a kai ku tsohon garin Al-Ula, wanda bidiyoyin ba su cika damuwa da shi ba. Gidajen ƙasa ne kusan 900 manne da juna, lunguna ƙanana, wasu an rufe samansu, bayan gidajen kansu shi ne ganuwar garin. Wanda ya san cikin birnin Kano ko tsohuwar Agadas ba zai ji baƙunta ba. A nan ayarin alhazan Sham ke yada zango ɗaruruwan shekaru, kafin jirgin ƙasan Hijaz ya ratsa yankin ya isa Madina a 1908. Mutane sun zauna a cikin gidajen har zuwa shekarun 1980, kuma jikokinsu na nan a sabon gari, wasunsu su ne za su zagaya da ku.

Wassalam.
Sakatare