A Bar Yaran Nan Su Kalli Garinsu

Da dogon hutun bana wasu matasa masu ɗaukar hoto suka tara ɗaliban sakandare, maza da mata, suka yi makonni suna zaga Kano da su, suna koya musu riƙe kyamara da fahimtar yadda gari yake. Ɗan yayata na cikinsu. Da labarin ya iso majalisarmu, wani dattijo ya ce, "To, an rasa abin koya wa yara sai sana'ar gidan biki?" Aka kwashe da dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Me muke yi da yaranmu a dogon hutu? Lesin. Ajin nan dai, allon nan dai, iyaye su biya kuɗi don a rage musu hayaniya a tsakar gida. Yaro ya gama sakandare ya haddace babban birnin Faransa, amma ka tambaye shi me ya sa ruwa ke shiga ɗakin mahaifiyarsa duk watan Agusta, sai ya yi zuru.

Hutun kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da asirin gari ke tonuwa. Ɗauki kududdufi. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi tubali, suka gina gidaje, ramin da ya rage ya zama matattarar ruwan sama. Mu kuma muka bi su muna cikewa da shara, ana yanka filaye, ana ɗora shaguna. Ruwan da aka ƙwace wa mazauni ina zai nufa in ba ɗakunan mutane ba? Yarinyar da aka ce ta tsaya bakin kududdufi guda, ta ɗauke shi a Yuli, ta sake ɗaukarsa a Satumba, ta tambayi tsofaffin unguwa inda iyakarsa take a da, wallahi ta san Kano fiye da wanda ya ci jarrabawar labarin ƙasa. Kuma tana da shaida a hannu ranar da wani zai ce dama can nan fili ne.

Haka ganuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, sama da shekara 800 ke nan. Yau ana yagarta kamar gurasa. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Wanda ya ɗauki tsohuwar ƙofar kafin nan, shi ma sana'ar gidan biki ya yi?

Sai dai su ma masu koyarwar ina da magana da su. Na duba hotunan makon farko a wayar ɗan yayata: Dala da yamma, marinar Ƙofar Mata, sai wani almajiri da robarsa wanda babu wanda ya nemi izininsa. Wannan idon baƙo ne, irin na mai yawon buɗe ido da ya sauka jiya zai tashi gobe. In shi za ku koya musu, gara su koma lesin. Malick Sidibé na Bamako samari da 'yan matan garinsa ya yi ta ɗauka, mutanen da suka san shi ya san su, har aka ba shi babbar lambar yabo ta Venice a 2007. Ku fara koya wa yaro sallama da gaisuwa kafin ya ɗaga waya, kuma in an ce a'a, ya mayar da ita aljihu.

Kuma ku ƙara yawan 'yan mata. Rabin birnin nan yana bayan zaure, inda ake suyar awara, ana saƙar hula, ana wa yara kitso, wurin da ƙato ba ya shiga. Ɗan yayata ya ce a rukuninsu mata uku ne kacal, ɗaya ma an hana ta dawowa bayan mako guda, don kawunta ya gan ta a bakin Kasuwar Kurmi tana ɗaukar masu dako.