A Fito da Darasin Kasuwanci Daga Otal, a Kai Shi Darki

Wata sana'a ta yi kasuwa a ƙasar nan, watau koya wa ma'aikata yadda ake warware matsalolin ciniki. Sai a kama ɗaki a babban otal a Kano ko Abuja, a tara ma'aikatan gwamnati da na bankuna kwana uku, a zana musu akwatuna da kibau a allo, a karanta musu labarin wani kamfani na Amurka ko Jafan, a ci abinci, a raba takardar shaida da kuɗin zama. Ran Litinin kowa ya koma kan teburinsa kamar bai je ba. Mu ɗalibai, da ake shirinmu don mu gaji waɗannan kujeru, muna da ta cewa.

Kada a yi mana gurguwar fahimta, ilmin ba mu raina shi ba. Mutum ya fara tantance mene ne ainihin ciwon kafin ya nemi magani, ya rarraba matsala gida-gida, ya tattara alƙaluma, ya kawo dabaru da dama ya gwada mafi sauƙi tukuna, wannan tarbiyya ce ta hankali wadda kowane ma'aikaci yake bukata. Rigimarmu ita ce inda ake koyar da shi, da kuma kan matsalar wa.

Batun ba yau aka fara shi ba. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, sai ga kamfanoni a hannu, masu iya riƙe su kuwa 'yan kaɗan. A 1973 aka buɗe cibiyar horar da manajoji a Legas, aka kuma ɓullo da shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Daga baya aka wajabta darasin dogaro da kai a jami'o'i. Fiye da shekara hamsin ke nan ana horo. To, ina amfanin gonar?

A dubi Kadawa. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a can, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a kowace rana, a tsakiyar filayen noman rani da ke shan ruwan Tiga. Ga kuɗi, ga injuna, ga manoma. A shekarar nan tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, aiki ya tsaya. Bayan annobar ma an yi ta buɗewa ana rufewa, domin tumatirin da ke shigowa bai kai abin da injuna ke bukata ba, kuma duk sa'ad da kuɗin kwando ya tashi a kasuwa, manomi can yake nufa da kayansa. Ai ba za a ga laifinsa ba, iyali gare shi. Tambayar da ta dace a sa gaban kowane mai koyon kasuwanci ita ce: wace irin yarjejeniya ce za ta riƙe manomi da kamfani tare, ko farashi ya hau ko ya sauka? Amsarta ba ta cikin labarin kamfanin motoci na Jafan.

Ba sai an je Kadawa ba ma. Ga Darki nan a ƙasar Wudil, a bakin babbar hanya, ba ta da nisa da jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a Wudil a 2001. Duk ranar kasuwa akwai darasi a shimfiɗe a ƙasa. Da rani kayan miya su yi yawa har su faɗi warwas, da damina su yi tsada. Kwanduna a jibge kan juna a mota, na ƙasa ya matse kafin a kai Legas. Mai shanya kauɗa a ƙasa yana haɗa ta da yashi, kuɗinta ya ragu. Mai hatsi ya sayar da kaka da araha don biyan bashi, ya dawo ya sayi abinsa da bazara da tsada. Dillali kuma, wanda 'yan boko ke wa kallon macuci, shi ne ke riƙe da amanar baƙo da lamunin da banki ba zai bayar ba. Wanda zai kawar da shi sai ya fara gaya mana wa zai ɗauki wannan nauyi.

Iyayenmu 'yan kasuwa ba a otal suka koya ba. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a hanyar fataucin goro ta Gwanja ya goge kafin ya shiga cinikin gyaɗa. Yaron kanti har gobe a gaban maigida yake koyon lissafi da hali. Abin da wannan hanya ta rasa shi ne rubutu da auna sakamako, kuma nan ne ɗan jami'a zai yi rana.

Saboda haka muna kira ga shugabannin tsangayoyin kasuwanci da na aikin gona, da Ma'aikatar Ciniki ta Jihar Kano: kowane rukunin ɗalibai da ƙananan ma'aikata a ba shi matsala guda daga kasuwar Darki ko karar shanu ta Wudil, su zauna da ita zango ɗaya cur, da iznin sarkin kasuwa. Su rubuta rahotonsu da Hausa, su karanta shi gaban masu kayan. Kada a ba kowa maki sai an gwada dabararsa a kan kwando goma ko buhu goma, an lissafa riba da hasara a gaban dillali.