Masu tallan hutun Janairu a Morishus, ku ji tsoron Allah 🧵

1/ Tun shigowar Nuwamba inbos ɗina bai huta ba. “Malam, kai da kake Morishus, ya garin yake a Janairu? An ba mu farashi mai sauƙi.” Mutum tara ke nan suka turo min hoton talla iri ɗaya. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, bari in faɗa a fili kowa ya ji. Wanda zai ji haushi ya ji.

2/ Shekarata ta uku ke nan ina karatu a tsibirin nan, kuma ina son ƙasar. Rigimata da mutanenmu ce: ejan-ejan na tafiye-tafiye da 'yan TikTok ɗin da suke yi musu talla. Suna sayar muku da damina da sunan rani, suna sane.

3/ Morishus tana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kudu da layin ikweta. Yanayinsu kishiyar namu ne. Lokacin da kake Kano kana fama da hunturu, leɓe na tsagewa kana lafta basilin, mu nan gumi muke da ruwan sama. Nuwamba zuwa Afrilu zafi ne da damina. Mayu zuwa Oktoba gari ya yi sanyi, ruwa ya ja baya.

4/ A hukumance lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa 1 ga Nuwamba, ya ƙare 15 ga Mayu, kuma ya fi tsanani daga Janairu zuwa Maris. Hukumar hasashen yanayi da ke Vacoas ba ta ɓoye wannan ba. Yaron firamare a nan ya sani. Wai ejan da ya shekara biyar yana tura mutane shi ne bai sani ba?

5/ Ga yadda tarkon yake. Disamba watan biki ne a Arewa. Ango ya gama da lefe, ya gama da dina, aljihu ya yi laushi, amarya kuma ta riga ta ga ƙawarta a bakin teku. A nan kuwa Kirsimeti da sabuwar shekara su ne lokacin tsada, Turawa sun gudo daga sanyinsu sun cika otal-otal. Da sun watse sai farashi ya fara sauka. Daidai nan ejan zai fito da “garaɓasar amare”.

6/ Farashin ya sauka ne saboda waɗanda suka san tsibirin sun san abin da ke tafe. Araha ba ta ado.

7/ Ba ji na yi ba, a gidanmu aka yi. Janairun 2024 yayata da angonta suka zo. Ban san da maganar ba sai da aka biya komai, wai za su ba ni mamaki. Lokacin dala ta haura naira dubu a Wapa, ku lissafa da kanku. Kuɗin da suka zuba ya ninka sadakinta sau da yawa.

8/ Kwana uku na farko lafiya lau. Rana, lici, mangwaro, itatuwan nan masu jan fure sun yi shar a bakin titi. Ango har tsokana ta yake: “Ƙanena, ina guguwar taka?” Sai ƙarshen mako rediyo ya fara maganar Belal.

9/ Bari in tsaya in bayyana gargaɗin guguwa a nan, don babu ejan da zai yi muku. Mataki huɗu ne, kuma duk ana auna su da iskar da ta kai kilomita 120 a awa.

Mataki na 1: saura awa 36 zuwa 48 irin wannan iska ta iya isowa. Kowa ya ruga kanti, kyandir, batir, biredi, ruwan gora. Ka je a makare ka tarar da kanta wayam.

10/ Mataki na 2: an bar maka kamar awa 12 na hasken rana ka kimtsa. Makarantu a rufe. Masu kwale-kwale sun janye kayansu daga ruwa.

Mataki na 3: saura kamar awa 6. Ofis, banki, kanti duk a kulle, motocin haya su daina aiki, filin jirgi ya rufe. Ka fita da mota wani abu ya same ta, kada ka sa ran inshora.

Mataki na 4: iskar ta iso. Ka zauna inda kake.

11/ Kun lura tun daga mataki na 1 hutunka ya fara lalacewa? Ba sai guguwa ta faɗo kan tsibirin ba. Ta ratsa ta nesa ma teku ya haukace kwana da kwanaki, a hana shiga ruwa. Kai kuma teku ka biya.

12/ Litinin 15 ga Janairu suka tsara zuwa Port Louis: su ga Jummah Masjid, su ci dholl puri, su yi tsaraba a kasuwa, su sauka Caudan bakin ruwa a yi hoto. Daren Lahadi na kira. Na ce Yaya don girman Allah kada ku fita gobe. Ta miƙa wa mijinta waya. Ya yi dariya ya ce mu da muka saba da ruwan Agusta a Kano.

13/ Ba maganata ce ta tsayar da su ba, kada in yi ƙarya. Direban tasin da suka yi alkawari da shi ne ya ce ko nawa za a ba shi ba ya zuwa. Ango ya yi ta faɗa, wai an raina masa hankali.

14/ Sauran kun gani a bidiyo. Belal ta daki tsibirin Reunion, ta biyo ta kusa da mu da ruwa kamar da bakin ƙwarya. An bar mutane sun fita aiki da safe, da rana ta ɗaga aka ce kowa ya koma gida, kowa ya fito titi lokaci guda. Port Louis a gindin duwatsu take, duk ruwan da ya sauka a sama cikinta yake gangarowa. Motoci suka riƙa yawo a kan ruwa suna hawa kan juna, mutane a kan rufin mota. An yi asarar rai. Shugaban hukumar hasashen yanayi sai da ya sauka daga kujerarsa.

15/ Wurin da motocin suka taru, nan ne hanyar da za su bi zuwa wajen hoton.

16/ Wuta ta ɗauke a inda nake, waya ta mutu. Umma tana Kano ta ga bidiyon a WhatsApp, 'ya'yanta biyu suna tsibirin da ko a taswira ba ta taɓa nemansa ba, ta kira babu mai ɗauka. Da na samu caji na tarar da kira 31. Muryarta a ranar, har yau ba na son tunawa.

17/ Kuma kada wani ya ce min tsautsayin shekara ɗaya ne. Ranar 30 ga Maris 2013 mutum 11 suka rasu a Port Louis, wasu a cikin hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu tafiya a ƙafa kusa da Caudan. Ranar ko guguwa babu, ruwan sama ne kawai na 'yan awanni. Fabrairun 2022 Batsirai, Fabrairun 2023 Freddy, Fabrairun 2025 Garance, kowacce sai da ta tsayar da harkoki. Ku duba watan da kyau. Shi ne watan da ake yi muku tallan masoya.

18/ Yanzu maganar kuɗi, inda raina ya fi ɓaci. Filin jirgi ya rufe, tashinsu ya matsa gaba. Wannan ba laifin kowa ba ne. Amma da suka duba takardu sai aka ga ejan tikiti biyu daban-daban ya yanka musu don ya rage kuɗi: ɗaya daga nan zuwa Nairobi, ɗaya daga Nairobi zuwa gida.

19/ In tikiti ɗaya ne, kamfanin jirgi zai san yadda zai kai ka har gida. In biyu ne, na biyun ba ruwansa da guguwarka. Ba ka zo ba, kujerarka ta tafi. Sabon tikiti suka saya, mutum biyu, da dala. Ƙarin kwanakin otal daga aljihu. Kwale-kwalen zuwa Île aux Cerfs da aka riga aka biya a cikin kuɗin, shiru. Inshorar tafiya kuwa ko ambatonta ba a yi musu ba.

20/ Ango ya kira ejan. Amsar da ya samu: “Alhaji ƙaddara ce, sai haƙuri.”

21/ Wallahi wannan kalma ce ta sa nake rubuta zaren nan. Ruwan sama ƙaddara ne, mun yarda. To shirun da ka yi lokacin da kake karɓar kuɗi fa? Tikiti biyun da ka yanka ba ka faɗa ba fa? Ko ragon layya za ka sayar a Kara, in yana da aibi wajibi ne ka nuna wa mai saye, kowa ya san wannan tun a Islamiyya. Ka ɓoye aibi, ka ci riba, in ta fashe ka ɗauko ƙaddara ka rufe bakin mutum da ita, don ka san ɗan Arewa ba zai yi musu da wannan kalma ba.

22/ Na san masu zuwa. “Mu mun je Janairu rana ƙal.” Na yarda, an yi haka. Yawancin kwanaki ma akwai rana, ruwan kan sauko da ƙarfi ya wuce. Arewa da yamma, su Grand Baie da Flic en Flac, sun fi tsakiyar tsibiri bushewa nesa ba kusa ba, Curepipe kam kullum a jiƙe take. Za ka iya zuwa ka koma ba ka ga komai ba.

23/ Amma sa'a ka yi, kuma sa'arka ba shawara ba ce. Bature mai hutun mako uku da inshora in ya rasa kwana huɗu ya kwanta ya karanta littafi. Kai da ka zo kwana bakwai da kuɗin adashi da rancen abokai, ga biza ta ɗan taƙaitaccen lokaci da aka buga maka a filin jirgi, ka rasa huɗu me ya rage?

24/ Ga wanda ya ce hassada nake: ɗan'uwa, a nan nake kwana nake tashi 😅 Bas ɗaya zan hau in je bakin tekun da kake biyan miliyoyi.

25/ Ko bayan ruwa ya ɗauke ba a gama ba. Koguna sun kwaso laka sun zuba a teku, shuɗin nan na hoto ya koma kalar kunun tsamiya a wasu gaɓoɓin. Hawa dutsen Le Morne da santsi ganganci ne. Sai sauro. Farkon 2024 ɗin nan zazzaɓin dengi ya bazu a ƙasar.

26/ In kana da zaɓi, ka zo Mayu, Yuni, Satumba ko Oktoba. Dogon hutun makarantunmu ma ya faɗo a lokacin sanyinsu, sai dai Yuli da Agusta gabas tana da iska, ka nemi yamma ko arewa. Amarci ba ya ruɓewa don an jira wata huɗu.

27/ In kuma Janairun ce dole, ka tambayi ejan a rubuce, ba a waya ba: tikitin nan ɗaya ne har gida? In an rufe filin jirgi wa zai biya otal? In an hana kwale-kwale fita za a mayar min da kuɗina? Inshorar ta haɗa da guguwa? In ya fara “haba Alhaji, ka yi tawakkali mana”, ka riƙe kuɗinka. Kuma in ka iso, direban tasi ya ce ba a fita, to ba a fita.

28/ Mu ma muna da namu laifin, ba zan tsallake ba. Yaya ta dawo gida ta saka hoto goma sha biyu a Instagram. Duka daga kwana ukun farko. Farin yashi, hular rana, ruwan kwakwa. Babu ɗakin otal da aka liƙe tagoginsa, babu kwanan zaune a filin jirgin Nairobi, babu zoben da ta sayar da suka koma. Na tambaye ta, ta ce so kake a yi min dariya?

29/ A cikin mutum taran nan da suka shigo inbos ɗina, ɗaya ƙawarta ce, bikinta ƙarshen Disamba. Ta ce hotunan Yaya ne suka sa ta zaɓi Morishus, kuma a wajen Yaya ta karɓi lambar ejan ɗin.

30/ Yaya, na san kina karantawa. Ki yi haƙuri, na faɗi maganar zoben. Ki kira ta yau, ta ce min ranar Juma'a za su biya rabin kuɗin.