HILIN KIWON LAHIYA: An samu magani, to mine ne amfanin zuwa wurin sikolog?

A Gudel, tsohon garin nan na bakin kogin Isa wanda yanzu shina cikin komin ta ɗaya ta birnin Yamai, akwai wani saurayi ɗan shekara 24 mai aikin lambu. Shi da ubanshi suna noman salati da kabeji da tumatir suna kaiwa kasuwa. Yaro ne mai natsuwa, har an sa ranar armenshi bayan kaka.

Cikin bazara sai halinshi ya sake. Ya yi kwana goma ba shi barcin da ya wuce awa biyu, amma ba shi gajiya. Magana babu tsayawa. Ya sayar da injin ban ruwa na gidansu, ya ci bashi, wai za shi saye lambunan bakin kogi duka, daga Gudel har Tondibiya. Wanda ya hana shi, sai faɗa. Nan ne iyaye sunka tuna bara waccan ya yi wata uku cikin ɗaki, ba shi son abinci, ba shi son ganin kowa. Lokacin nan an ce iska ce.

Anka kai shi babbar asibitin ƙasa ta Yamai, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa wanda kowa ya sani da sunan Pabiyon E. Bayan ya samu sauƙi, lokotoro ya faɗa musu sunan cutar. Da Faransanci ana ce mata turubul bipoler, wato ciwon hawa da sauka. Ya rubuta ordinansi, ya kuma ce yaron shi riƙa zuwa wurin sikolog. Nan gardama ta tashi a gida.

Uban ya ce: «Magani na yarda, tunda na ga aikinshi. Amma a biya kuɗɗin taksi don a je a yi hira da baƙo? Wannan tonon asiri ne. In surukai sunka ji, arme ya mutu.»

Yaron ya ce: «Baba, ku yi haƙuri. Ƙwaya ta maido mini barci, amma ba ta gaya mini yadda zan dubi mutanen da na zaga ba.»

Uwar ta ce: «Malam, a bar shi shi gwada. Injin guda munka rasa, kada mu rasa yaro.»

Wanga gardama ana yin ta a gidaje da yawa. Shi ya sa hilin ga na wannan wata ya tsaya a kanta.

WACE IRIN CUTA CE?

Cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai huska biyu. Lokacin hawa, mutum shina cika da murna ko hushi, barci ya ƙaranta, kuɗɗi su watse, shi ga babu abin da ya hi ƙarhinshi. Lokotoro na kiran shi hawa in ya kai mako guda, ko ya sa anka kwantar da mutum. Lokacin sauka, jiki ya mutu, rai ya ɓaci, mutum shi ga kanshi ba shi da amfani, har mako biyu ko watanni. Tsakanin biyun, mutane da yawa suna komawa daidai, suna aikinsu kamar kowa.

Cutar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1854 lokotoro biyu na Faransa, Falre da Bayarje, sun bayyana ta a birnin Pari. Ba ta zaɓen ƙasa ko ƙabila. Ƙungiyar kiwon lahiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ke da ita. Ta hi farawa ga samari da ƴan mata, kuma tana bin jini a waɗansu gidaje. Ba ragwanci ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne.

MAGANI SHI NE GINSHIƘI

Abu na farko da ya kamata kowa shi riƙe: hira ba ta maye gurbin magani. Tun shekarar 1949 wani lokotoro na Ostaraliya mai suna Jon Ked ya nuna gishirin litiyom na kwantar da hawa. Bayan shi an samu waɗansu magunguna. Lokotoro kaɗai ke zaɓen wanda ya dace da kowane mutum.

Wanda anka ba litiyom sai an riƙa auna jininshi. Cikin zahin Afirilu da Mayu, in mutum ya yi zuhwa ƙwarai bai sha ruwa ba, ko zawo ya kama shi, maganin na taruwa cikin jini ya zama dahi. Haka ma in ya haɗa shi da ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikolofenak da ibuporofen, waɗanda ƴan talla ke sayarwa a tire. Mace mai shirin arme ko mai ciki ta gaya wa lokotoro tun da wuri, don maganin da ake kira balpurowat na iya lahanta jinjiri a ciki. In azumi ya gabato, a shawarci lokotoro kahin a sake lokacin shan ƙwaya.

TO, MI SIKOLOG KE YI?

Lokotoron ƙwaƙwalwa shi ke gane cuta, shi rubuta magani. Sikolog ba shi rubuta magani. Aikinshi zama ne da marar lahiya, da sauraro, da koyarwa. Ga abin da ake samu wurinshi:

1. Sanin cutar. Babban abin da ke maido ta shi ne barin magani. Mutum ya ji sauƙi, sai shi ce ya warke. Wanda anka bayyana ma dalilin shan ƙwaya ko da shina lahiya, ya hi daɗewa bisa ita.

2. Gane alamun farko. Manomi na gane hadari tun daga nesa, shi kwashe shanya. Haka kowane marar lahiya ke da nashi alamu: wani raguwar barci, wani yawan kiran mutane da salula cikin dare, wani sayen kayan da ba shi bukata. In an gane su tun kwana biyu, ana komawa wurin lokotoro kahin a sayar da injin.

3. Tsara lokaci. Rashin barci na tada hawa. Zaman fada ana shan shayi har asuba, gadin dare, tiramol, wiwi da giya, duk abokan gabar mai wanga ciwo ne. Sikolog na taimaka mishi shi tsaida lokacin kwanciya, na tashi da na cin abinci.

4. Gyaran ɓarnar da cuta ta bari. Akwai bashi, akwai kunya, akwai zumuntar da ta ɓaci. Ƙwaya ba ta biyan bashi, ba ta neman gafara. Ana zama a tsara wa za a fara biya, wa za a fara roƙo.

5. Koyar da iyali. Gidan da kullum ake gori da tsawa, cutar ta hi saurin komowa cikinshi. Gidan da ake tsare mutum kamar jinjiri ma ba shi taimako.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2003, a birnin Baselona na ƙasar Sipaniya, anka bayyana sakamakon wani gwaji bisa mutum 120 masu wanga ciwo, dukansu suna shan magani. Rabi sun yi zama 21 na koyon sanin cutar, rabi sun yi zaman hira kawai. Waɗanda sunka samu koyarwa, cutar ba ta komo musu kamar sauran ba.

Sa dangi cikin jinya kuwa hikimar Afirka ce. A shekarar 1954 lokotoro Lambo ya zaunar da marasa lahiya tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta cikin Najeriya. A asibitin Fan ta Dakar ma, zamanin lokotoro Kolom, ana karɓar marar lahiya tare da ɗan rakiya daga gida.

AMSA GA TSORON IYAYE

Bisa tonon asiri: ma'aikacin lahiya aikinshi ya ɗora mishi riƙon asirin wanda ya zo wurinshi. Abin da ke hidda asirin gida hili shi ne cutar in ta tashi tsakar kasuwa.

Bisa addini: addu'a da sadaka ba su hana zuwa asibiti. Abin gudu shi ne wanda duk ya ce a zubar da ƙwaya, ko a ɗaure mutum da mari, ko a buge shi don hidda iska. Wannan ƙarin ciwo ne.

Bisa kuɗɗi: a tambayi lokotoro ko za a iya haɗa ranar ganinshi da ranar sikolog, don tahiya ta zama guda. A lissafa kuɗɗin mota, a lissafa kuma na injin da anka rasa.

YAUSHE ZA A FARA?

Ba a cikin tsananin hawa ba, don lokacin nan kunne ba shi ji. Sai magani ya kwantar da mutum. Watannin farko bayan an faɗi sunan cutar su ne sunka hi dacewa, don a nan ne tambayoyi ke da yawa, a nan ne kuma mutane ke barin ƙwaya.

Sikolog na ƙwarai ba shi cewa a bar magani, ba shi alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, kuma shina aiki hannu da hannu da lokotoro. In an yi zama uku ko huɗu ba a saba ba, ba laihi ba ne a nemi wani.

Ga mutanen karkara: masana wanga aiki kaɗan ne a Nijar, kuma sun hi yawa a manyan birane. Amma tun shekarar 2008 OMS ta hito da wani tsari na koya ma anfirme da lokotoron gama-gari kula da ciwon ƙwaƙwalwa. A fara da likitar da ta hi kusa, a nemi takardar turawa. A samu kaye guda ana rubuta awowin barci da shan ƙwaya kullum. Wanda bai iya boko ba shi rubuta da ajami, ko ɗan lakkwal shi rubuta mishi. A zaɓi mutum guda cikin dangi wanda marar lahiya ya yarda shi ce mishi: «Barcinka ya ragu, mu koma asibiti.»

Gargaɗi babba: in marar lahiya ya fara zancen mutuwa ko halaka kanshi, kada a jira ranar randebu. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɓoye maganin ƙwari na lambu da sauran ƙwayoyi, a kai shi asibiti ran nan.

Saurayin Gudel dai, ubanshi ya yarda bisa sharaɗi guda: shi da kanshi za shi raka shi zaman farko, shi ji abin da ake faɗi. Ya ji. A zama na uku anka yi maganar arme, yaron ya yanke shawarar gaya ma yarinyar gaskiya da bakinshi, gaban kawunshi. Iyayenta sun ce a ɗage biki zuwa baɗi su ga yadda za shi kasance. Yanzu shina shan ƙwayarshi, shina kwanciya bayan lisha, shina ban ruwa da arozuwar, ana tara kuɗɗin wani injin.

Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba. Lahiya uwar jiki. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.