Yarinya da Karenta a Kan Kufai: Shin Laifi Ne Mu Yi Dariya?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da magabatanmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu cikin zangon karatun da ya wuce. Na kawo ta gabanku ne domin na ga abin da ke cikinta ya wuce mu huɗun da muka yi ta, ya shafi garinmu Maigatari da ƙasar Gumel baki ɗaya.

Mafarin abin shi ne, wani abokin karatuna ya same ni da dare ina duba waya ina ta ƙyalƙyala dariya ni kaɗai. Da ya leƙo sai ya ga labarin zane ne irin na mutanen Japan, wanda suke kira manga. Sunansa da harshensu Sekai no Owari ni Shiba Inu to, watau zama da kare a ƙarshen duniya. Yu Ishihara ne sunan mai zanen, an fara sakinsa a Twitter cikin 2018, daga baya aka buga shi littafi, a 2022 kuma aka mai da shi zane mai motsi a YouTube. Labarin ba shi da wuyar faɗi. Mutane sun ƙare a bayan ƙasa, saura wata 'yar makarantar sakandare ita kaɗai, tana yawo cikin rusassun birane tare da karenta mai suna Haru. Karen nan yana magana, ga shi da son nuna ilmi, kullum yana kawo mata zantuttukan masu hikima, ita kuwa ta gwale shi. Yawancin labaran gidan zane huɗu ne kacal, a na huɗun ake ajiye abin dariyar.

Abokin nawa ya ɓata fuska, ya kawo hujja uku. Ta farko, tashin duniya ba abin wasa ba ne ga Musulmi. Ta biyu, ina dalilin mai da kare abokin shawarar ɗan Adam? Ta uku, ɗalibin da ya fito daga garin da hamada ke ci, bai kamata ya ɓata dare a kan zanen yara na wata ƙasa ba. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, domin mai faɗin su mutum ne mai hankali. Amma ra'ayina ya saɓa da nasa, kuma ga dalilaina.

Da farko mu tambayi kanmu, su wane ne suke wannan dariya? Mutanen da aka jefa wa bam ɗin nukiliya ne a Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, aka ƙara musu a Nagasaki bayan kwana uku. Su ne kuma girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa ran 11 ga Maris 2011, har tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace, aka kwashe mutane daga garuruwa, gidajensu da dabbobinsu suka zauna babu mai su. Saboda haka birnin da babu kowa a cikinsa ba mafarki ba ne a wurinsu, sun gan shi da idonsu. Wani mai zane, Keiji Nakazawa, yana ɗan shekara 6 bam ɗin Hiroshima ya kashe mahaifinsa da wasu 'yan'uwansa. A 1973 ya fara fitar da labarin zane mai suna Hadashi no Gen a kan abin da ya gani, yau ana karanta shi cikin harsuna da yawa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ce dariyar yarinyar nan da karenta dariyar marasa tunani ce ba. Dariyar waɗanda suka sha wuya ce, suka ƙi yarda wuyar ta zama ita ce mai magana ta ƙarshe.

To, a wannan shekara ta 1973 da Nakazawa ya ɗauki alƙalami, me ake ciki a ƙasarmu? Fari ne ya game ƙasar Hausa da maƙwabtanta, gero ya ƙone a gona, shanu suka yi ta faɗuwa. Kakata ta ga wannan zamani tana da goyo, a wani ƙauye tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar. Abin mamaki, ban taɓa jin ta ba da labarin ba tare da ta sa mu dariya ba. Takan ce da ni, "Kai angon nawa, da a shekarar ka aure ni da ka gudu ka bar ni, domin tafasa muka ci har muka fara tunanin mu da awaki dangi ne." Sai ta kwatanta yadda suka riƙa tonon gidan tururuwa suna kwashe ɗan hatsin da ta tara, ta ce har yau in ta ga tururuwa takan ji nauyinta, kamar wanda ya haɗu da mai bin sa bashi. Muna cikin dariya sai ta ambaci sunan ɗanta da ya rasu a wannan rani, ta yi shiru kaɗan, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Sai da na girma na gane cewa ba don barkwancin nan ba, da ba ta iya buɗe baki a kan zancen ba sam, mu kuwa da ba mu san kome ba.

Ba kakata kaɗai ke da wannan hali ba, gadon Hausawa ne. Dubi yadda kakanninmu suka riƙa raɗa wa yunwa suna kamar jaririya. Ta 1913 zuwa 1914 suka ce Kakalaba, ta 1927 'Yar Buhu, ta 1942 'Yar Gusau. Da farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta yi, hatsi ya daina tsallakawa, sai 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban, suka ce El-Buhari. Talakan da bai da jarida, bai da kujera a majalisa, da wannan suna guda ya rubuta ƙararsa, har yau kuwa ba ta goge ba. Mu mutanen Maigatari mun san zafin wannan ƙofa in ta rufe. Mun gani daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sa'ad da kasuwar dabbobi ta ran Alhamis, wadda ke cika da shanu da raƙuma da tumaki daga ƙetare, ta yi sanyi. A waɗannan watanni ba abin da ya fi yawa a bakin dillalai da 'yan kamasho kamar ba'a, suna zaune a inuwa suna yi wa juna cinikin shanun da babu su.

Daɗin daɗawa, dubi wasan da ke tsakanin Gumalawa da Haɗejawa. Sarakunan garuruwan nan biyu sun gwabza yaƙe-yaƙe a ƙarni na 19, an zubar da jini ba kaɗan ba. Yau jikokin mayaƙan nan in sun haɗu a mota ko a ofis, sai zolaya da tsokana, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Wa zai ce wannan wasa raina waɗanda suka mutu ne? Shi ne ma ƙasar da aka binne gabar da ita. Haka tatsuniyoyinmu: sau nawa aka buɗe labarin Gizo da Ƙoƙi da cewa an yi wata shekara ta yunwa? Ashe tun muna kan tabarmar iyayenmu mata ake koya mana dariya a cikin masifa.

Yanzu bari in koma ga hujjar farko, wadda ta fi nauyi. Na yarda ɗari bisa ɗari cewa Ranar Alƙiyama, da hisabi, da abin da Allah Ya tanada a bayansu, ba fagen barkwanci ba ne, kuma duk zanen da ya taɓa wannan ni ne farkon mai jefar da shi. Amma abin da ke cikin labarin nan daban ne. Rana tana fitowa, ciyawa tana tsiro a kan kwalta, yarinya tana neman abin da za ta ci. Wannan a Hausa sunansa kufai, watau garin da mutanensa suka watse. Kufai kuwa ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya bi ƙauyukan arewacin Gumel da rani ya ga unguwannin da samari suka tafi cirani Kano da Legas, aka bar tsofaffi da mata da yara, rairayi yana hawa danga. Alƙur'ani mai girma da kansa ya umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi ƙarshen waɗanda suka gabace mu. Tunanin ranar da garinka zai zama kufai wa'azi ne, ko da an naɗe shi cikin raha.

Game da kare, ban ce kowa ya ɗauko shi ya sa a ɗaki ba, kuma na san hukuncin wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki. Sai dai mu yi adalci. An ambaci karen As'habul Kahfi a cikin Suratul Kahfi tare da bayin Allah na gari. Hadisi ingantacce ya ba da labarin wanda aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Mafarautanmu da Fulanin da ke kawo shanu kasuwarmu ba su rabuwa da shi. Dabba mai magana kuwa, ai Alhaji Abubakar Imam ya riga Japanawan nan: aku ne ya riƙe Magana Jari Ce tun daga 1937, har aka naɗa shi waziri, ba mu ji malamin da ya hana karanta shi ba. Labarin abin da ya wuce duniyar da muka sani ma ba sabo ba ne gare mu, tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969.

Amma akwai wurin da abokina yake da gaskiya, ba zan ɓoye ba. Dariya iri biyu ce. Akwai ta wanda abin ya ci, akwai ta wanda ya ƙoshi yana kallon mai jin yunwa. Ta biyun ƙeta ce. Haka kuma akwai dariyar da ke kashe zuciya, mutum ya ce tun da kome zai lalace bari in kwanta. In abin da ɗalibi zai koya ke nan daga manga, gara ya rufe wayar ya yi barci. Ni abin da na gani a labarin shi ne yarinya ta rasa kowa amma kullum tana tashi ta ci gaba da tafiya, domin tana da wanda za ta yi wa gardama.

Hujja ta uku ita ce ta sa na rubuta wannan takarda. Lalle abin kunya ne in san labarin Hiroshima dalla-dalla ta hanyar zane, alhali ƙanena da ke sakandare bai taɓa jin sunan Kakalaba ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da hankalinsu yau sun haura shekara 60, kullum raguwa suke yi. Da su za a binne sanin ganyen da ake ci in rumbu ya ƙare, da dabarar ajiyar iri, da labarin yadda cutar gyaɗa ta 1975 ta karya noman da ya riƙa cika taragon jirgi a tashar Gagarawa. Rahotannin da ake rubutawa da Turanci a kan hamada, tun kafin Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar katangar itatuwa a 2007 har zuwa yau, ba su isa hannun manomi, in sun isa ma ba ya karanta su. Amma gidan zane huɗu da ɗan rubutun Hausa, na boko ko na ajami, yaro zai karanta wa kakansa, a tura shi daga waya zuwa waya kafin la'asar.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Hukumar wannan mujalla ta ware shafi guda a kowace fitowa domin labarin zane da Hausa, a kuma biya mai zanen ko da kuɗin takarda da alƙalami ne. Kowane ɗalibi daga Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, in ya je hutu, ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya ya rubuta labarin fari daga bakinsu, kada ya tsame barkwancin. Ku kuma yayyenmu da ke ofisoshin gona da gandun daji da ilmi, in za ku yi takardar wayar da kai a kan dashen itace ko ajiyar hatsi, ku nemi masu zane a cikinmu, ku gwada ku gani ko ba za a fi karanta ta ba.

Ba lalle ne tamu ta zama yarinya da kare ba. Tana iya zama yarinya da jakinta, sun dawo daga rijiya sun tarar kasuwar Alhamis babu kowa, jakin yana ta yi mata bayanin inda shugabanni suka yi kuskure. Abokina da muka yi gardamar ya iya zane ƙwarai, ya ce zai duba maganar bayan jarrabawa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare garuruwanmu daga zama kufai, amin.